Wasiƙa Zuwa Ga Auta Kan Sandar Injin Jirginsa

Minneapolis, Minnesota,
9 ga Maris.

Zuwa ga ƙanena Auta,

Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, kamar yadda muke a nan. Ya sanyin Toledo? Mu dai har yau tafkunanmu a daskare suke, masu fatsa sai huda ƙanƙara suke yi suna zama a kai kamar an aiko su. Na yi waya da Inna ranar Juma'a, ta ce ƙafar ta yi sauƙi, kuma tana cigiyar hoton jikokinta.

Hotunan jirgin sun iso. Allah ya sanya alheri, ya kiyaye ku a kansa. Ƙirar Lund ce mai kyau, ko da ta ɗan ga shekaru, kuma jirgin alminiyam mai zurfin ciki irin wannan shi ya dace da ruwanku. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon waya, saboda maganar duk ta lissafi ce, kuma na san halinka, muna ajiye waya rabin lambobin sun tashi. Ka shiga gareji da wannan takarda a hannu ɗaya, tef ɗin awo a ɗaya.

Ga amsar tambayarka tun kafin bayani: kada ka sayi injin nan na abokin aikinka. Na yarda lafiyarsa ƙalau, na yarda ya karya maka farashi. Amma sandarsa inci 45 ce, kuma a goshin jirginka inci 45 ta yi kaɗan. Shi a kan jirgin kamun kifin bass ya yi amfani da shi, irin mai kwanciya a ruwa, wanda goshinsa bai fi kamu ɗaya daga saman ruwa ba. Naka goshin a sama yake. Araha ba ta ado, Auta.

Ka fara fahimtar aikin injin, sauran zai zo maka da sauƙi. Babban injin fetur da ke baya shi ke kai ka wurin kifi. Wannan ƙaramin na batir da ke goshi shi ke lallaɓawa da kai a hankali, ko ya riƙe ka cak a wuri ɗaya ba tare da ka jefa anga ba. Asalinsa daga wannan yanki namu yake. A 1934 wani mutum mai suna O.G. Schmidt, a garin Fargo na North Dakota, ya ɗauki sitatar mota ƙirar Ford ya haɗa mata farfela, daga nan kamfanin Minn Kota ya samo asali, wanda yanzu masana'antarsa ke Mankato, kimanin awa ɗaya da rabi daga gidana. A na zamani, motar da ke juya farfela tana cikin wani tulu a can ƙasa, cikin ruwa. Sandar kuwa bututu ce kawai, wayoyin wuta na bi ta cikinta daga kai zuwa tulun. Aikinta ɗaya: ta kai tulun zurfin da ya kamata ta riƙe shi a can.

Zurfin da masu ƙerawa suke so shi ne saman tulun ya nutse aƙalla ƙafa ɗaya, wato inci 12, kimanin santimita 30. Dalili kuwa, farfela in tana juyawa kusa da saman ruwa, sai ta janyo iska daga sama. Da ta shaƙi iska sai ta yi ta wulwulawa cikin kumfa, ƙara ta ƙaru, turawa ta ragu, batir na ƙonewa a banza. Kifin da ka kashe injin fetur don kada ka firgita shi, yanzu ga ka kana kaɗa masa ruwa a ka. Mafi muni shi ne lokacin da ka danna maɓallin nan da ke riƙe jirgi da GPS, wanda Minn Kota ke kira Spot-Lock. Taguwa ta ɗaga goshi, farfela ta fito waje, iska ta ja jirgin baya. Goshi ya sauko, injin ya ga an bar wurin, sai ya taso da ƙarfinsa duka don ya koma. Haka za ku yi ta fizge-fizge, mai tsaye yana neman abin dafawa. Mutane da yawa suna zagin GPS ɗin, alhali laifin na gajeriyar sanda ne.

Ka tuna yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake zaɓen gwangwalar tuƙi a Yawuri? Bai taɓa yanke ta daidai da ruwan kwata ba. Yakan yanke ta don wurin da ya fi zurfi a hanyarsa, saboda in ruwa ya yi ƙasa sai ya riƙe ta a tsakiya, in kuwa ta gaza taɓa ƙasa, ba abin da hannu zai ƙara mata. Sandar injin nan ma haka take. A jikinta akwai wani zobe da ake kwancewa a matse, da shi ake ɗaga ta ko a sauke ta. Doguwa kana iya ɗaga ta yadda kake so. Gajeriya in ta kai ƙarshe ta kai. Ko a wurin masu gyara, rage tsawo aiki ne mai sauƙi, amma ƙarawa sai an sayi sabuwar sanda an sake jan wayoyi, kuma kafin a gama, rangwamen da aka yi maka ya tafi har da ƙari.

To, yanzu awo. Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin daɓen goshi, daidai inda mazaunin injin zai zauna, da saman ruwa. Tsawon jirgi bai shiga lissafin ba, don haka kada wani a kanti ya ce maka jirgi mai ƙafa 17 sanda kaza yake ɗauka. Jirage biyu masu tsawo ɗaya na iya bambanta da ƙafa guda a tudun goshi. Awo na gaskiya a ruwa ake yinsa, ranar da ba iska, jirgi ɗauke da duk abin da zai ɗauka: tanki cike, batura a wurinsu, kula da ƙanƙara, akwatin ajiye kifi da ruwansa, mutane kowa a mazauninsa. Kai ka zauna inda za ka zauna in ana su, wani ya tsaya a kan kwata ya auna. In kai ka hau goshi ka leƙa da tef, nauyinka zai danne shi, ka sami lamba ƙarama wadda za ta yaudare ka.

Na san jirgin yana kan tirela, kuma ba ka son jira. Akwai dabara. A hoto na uku na ga zanen datti da ruwa ya bari a jikin jirgin, alamar mai shi na da yakan bar shi a ɗaure a kwata. Ka ajiye tirelar a kan shimfiɗaɗɗen siminti, ka yi ta juya jak ɗin gaba har tsayin zanen daga ƙasa ya zama ɗaya a gaba da baya. Sai ka auna daga siminti zuwa daɓen goshi, ka auna daga siminti zuwa zanen, ka ɗebe na biyu daga na farko. Abin da ya rage shi ne tudun goshinka. Ka ce ka kiyasta inci 26. Daga hoton ban ga ka yi nisa da gaskiya ba, amma ka auna, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mu ɗauka 26 ɗin ce. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ka ƙara inci 20. Sha biyu na nutsewa ne, sauran kuma na mazaunin da akwatin juyawa, waɗanda ke cinye wani yanki na sandar kafin ta kai ga ruwa, da ɗan motsin da ba a rasawa. Ka ga mun kai 46, wato ta abokin naka ta riga ta gaza tun a ruwa mai kwanciya. Jadawalin masu ƙerawa ma abin da yake nunawa ke nan: goshi mai inci 16 zuwa 22 yana ɗaukar sanda 42 ko 45, mai 22 zuwa 28 yana son 48 zuwa 52, wanda ya haura 28 kuwa sai 54 zuwa sama. Sannan suna cewa a ƙara inci 5 in ruwan mai taguwa ne. Mun kai 51.

Da a ƙaramin tafki za ka yi su, irin waɗanda ke kewaye da mu a nan, da na ce ka ɗauki 52 ko 54 mu rufe magana. Amma kai tafkin Erie za ka shiga, kuma a nan nake son ka saurare ni da kyau. A manyan tafkunan nan biyar, Erie ce mafi rashin zurfi, kuma ɓangarenku na yamma, daga bakin kogin Maumee zuwa wajen Port Clinton da tsibiran, shi ne mafi rashin zurfi a cikinta, galibi bai wuce ƙafa 30 ba. Ruwa mai faɗi marar zurfi in iska ta taso masa, taguwarsa gajera ce, a tsaye, kusa da juna. Jirgi ba ya samun sukunin hawa ɗaya ya sauka kafin ta biyu ta iso, sai goshi ya yi ta sara. Haka tafkin Mille Lacs yake yi mana a nan, shi ma faɗi ne da shi ba zurfi, kuma masu jirgi irin naka da ke zuwa can da wuya ka ga mai sanda ƙasa da 60.

Akwai kuma abin da jadawali ba ya faɗa. Yadda ake kamun kifin walleye a Erie lokacin zafi, jan ƙugiya ake yi a bayan jirgi yana tafiya sannu. Sandunan fatsa duk a baya suke, komar ɗebo kifi a baya, kai da wanda ka ɗauko duk kuna baya, ga nauyin injin fetur. Ba kowa a goshi sai injin batir shi kaɗai yana riƙe da hanya. Duk nauyin da ya koma baya, goshi yake ɗagawa. Inci 26 da ka auna na iya zama 29 ko 30 a daidai lokacin da kifi ya ci kowa ya ruga baya, wanda shi ne lokacin da ba ka son jirgi ya karkace ya harɗe maka zaruruwa.

Saboda haka shawarata inci 60, wato kimanin santimita 152. In ka auna ka sami goshin bai kai 22 ba, 54 za ta yi. In ya kai 24 ko ya wuce, kada ka sauko daga 60.

Kada kuma ka ce tunda tsawo ne alheri bari ka ɗauko 72. Akwai ta, har da masu 87 da 100, amma na manyan jiragen teku ne masu goshi kamar katanga. Doguwar sanda tana da nata kuɗin da ake biya, kuma a kwance ake biyansa. In aka naɗe injin za a tafi, sandar tana kwanciya a kan daɓe, kan yana nuni baya. In ta yi tsawo da yawa, kan zai leƙa waje da gefen jirgi, ranar da ka zo kwata da iska a gefe ya daki ginshiƙi. Ko ya tokare gilashin gaba, ko ya hana tamfol rufuwa, ko ya tare hanyar da yara ke bi. Kuma in kana gudu a kan taguwa, kan da ke can ƙarshen doguwar sanda yana lilo yana dukan daɓe, sukurorin mazaunin suna shan wahala. Ko a 60 ɗin ma ina son ka sa ɗan ƙarfen tallafi da ake sayarwa, wanda ke riƙe sandar kusa da kai.

Kafin ka biya kuɗi, ka yanki bututun roba mai tsawon sandar, ka ƙara masa kamar kamu ɗaya na kai da tulu. Ka kwantar da shi a goshi yadda injin zai kwanta. Ba a miƙe tsakiya ake ɗaura shi ba, a ɗan karkace ake yi, ta gefen hagu galibi, yadda kan zai bi layin gefen jirgi ta ciki. Ka tabbata in an sauke shi sandar ba ta gogar bakin goshi, a bar mata 'yar tazara kamar yatsu biyu. Ka duba fitilar goshi da ƙarfen ɗaure igiya ba su shiga hanya ba. Sai ka gamsu da duk wannan kafin ka ɗauki dirila, domin rami a alminiyam ba ya komawa. Ka sayi faranti mai cirewa da sauri, irin wanda ake zare injin a shiga da shi ɗaki. Yana ƙara tudu kaɗan, wani dalilin ke nan na barin rara a sanda, amma yana hana ɓarawo, yana kuma sauƙaƙa ajiyar hunturu.

A ruwa marar zurfi, kamar in ka shiga Maumee ko wata 'yar fadama, sai ka kwance zoben ka ɗaga. Kan zai tsaya maka ƙiƙam a gaba, wani lokaci ya kama maka zare in za ka jefa. Wannan ɗan haushi ne da ake sabawa da shi, bai kai fitowar farfela a tsakiyar Erie ba.

Maganar ƙarfi ba ta rabuwa da ta tsawo, don haka bari in taɓa ta. Ana auna turawar injin da laba, kuma ƙa'ida ita ce laba 2 ga kowace laba 100 ta nauyin jirgi da duk kayansa. Jirginka da inji da mai da batura da mutum uku zai kusanci laba 2,800, ka ga kana bukatar 56 a ƙalla. Masu batir ɗaya, na volt 12, a 55 suke tsayawa. Ka ɗauki mai batir biyu, volt 24, mai laba 80. Mai batir uku, volt 36, da ke haura laba 100, ya fi ƙarfin bukatarka, ga nauyi ga tsada. Baturan su zama irin waɗanda aka yi don a zuƙe su a hankali a sake cika su, ba na tada mota ba, kuma ka sa makatsin wuta a kan waya kusa da batir, mai girman da littafin injin ya faɗa. Ka lura da wani abu: baturan dalma biyu a akwatin goshi sun fi laba 100, suna danne gaba. Ranar da ka sami hali ka koma na lithium, waɗanda ba su kai rabin wannan nauyi ba, goshi zai ƙara ɗagawa. Mai 54 a ranar zai fara jin farfela tana tari, mai 60 kuwa zobe kawai zai sassauta.

Ka kuma tambaye ni game da ɗan kwale-kwalen maƙwabcinka mai shimfiɗaɗɗen ciki. Shi nasa daban ne. A baya ake maƙala masa inji mai riƙewa da hannu, kuma baya ba ta tsalle kamar goshi. Ya auna daga saman allon baya zuwa ruwa: in bai wuce inci 10 ba, sanda 30 ta isa, daga 10 zuwa 16 sai 36, daga 16 zuwa 22 sai 42. In a tsaye yake son tuƙi, ya ƙara kamar ƙafa ɗaya don kada ya wuni a sunkuye. Wataƙila ma injin abokin aikinka ya sami mai so a cikin masu ƙananan jirage, ka taya shi cigiya.

Na san abin da ke damunka a zahiri. Mutumin ya yi maka kirki tun zuwanka wurin aikin, ya kawo injin har gida, kana jin nauyin ka mayar. Tun kana yaro haka kake, a ba ka takalmin da ya matse ka ka sa ka yi shiru. Ka kira shi, ka nuna masa tef ɗin da lissafin. Mai jirgi ne, da ya ga 26 zai gane, ba zai ji haushi ba. Ka ce ranar farko da za ka shiga ruwa da shi za ka shiga. Kunya ba za ta riƙe maka farfela a cikin ruwa ba, kuma zumunci ya fi lalacewa in ka saya kana ƙunƙuni duk damina.

In na hannu za ka nema mai 60 ɗin, ba laifi. Ka auna sandar da kanka, kada ka dogara da abin da aka rubuta a talla, domin wasu sun yanke tasu. Ka cire farfela ka duba bayanta, zaren fatsa yakan naɗe a wurin ya ci robar da ke hana ruwa shiga tulu. Ka sauke shi ka naɗe sau da yawa ka ji ko yana sarƙewa, a haɗa masa batir ka gwada kowane mataki na gudu da rimot ɗin.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi duk na sama. Doka ta ce kowane mutum a jirgi da rigar ruwansa, ni kuma na ce a jiki, ba a cikin akwati ba, musamman yaran da kai kanka in za ka hau goshi sauke inji. Ruwan Erie a watan Afrilu sanyinsa yana kashe hannu da ƙafa cikin mintuna, iyon da ka koya a Neja ba zai yi maka aiki ba. Mu da muka san gidajen da aka yi zaman makoki bayan haɗarin jirgin Warra a 2021 ba ma bukatar a yi mana wa'azi a kan wannan. Ka duba hasashen iska kafin ka fita, in ta juya kana ciki ka naɗe inji ka nufi gaɓa, kifi ba ya ƙarewa.

Ka auna a wannan makon ka turo mini lambobi uku: tudun goshi, tsawon daɓen daga goshi zuwa gilashi, da faɗin akwatin batir. Kada ka biya kuɗin komai kafin mu yi magana. In Allah ya kai mu lokacin da yara suka sami hutu, zan tuƙo in zo mu ɗaura shi tare, kai dai ka tanadi yaji da man suya.

Yayarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Ka gaida maiɗakinka da kyau. Allah ya tsare, ya bar zumunci.

Wassalam.

Naka,
Yayanka.